Kyamara a Libiya Bayan Faɗuwar Gaddafi

Ɗaukar hoton juyin juya hali yana da haɗari, amma abin da za a ɗauka a fili yake: taron jama'a, hayaƙi, mayaƙa a bayan a-kori-kura, tutar da aka sauke da wadda aka ɗaga. Aikin da ya fi wuya yana farawa ne bayan mai mulkin kama-karya ya faɗi. A lokacin ne bakin daga ke ɓacewa, waɗanda ake zalunta jiya su koma masu riƙe da makullin kurkuku, editocin ƙasashen waje kuma su fara kiran ma'aikatansu gida. Libiya ta shekarar 2011 ta nuna wannan ƙarara, domin juyinta ya zo daidai lokacin da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa.

Mu'ammar Gaddafi ya karɓi mulki ranar 1 ga Satumba, 1969, ya riƙe shi shekara 42. A tsawon wannan zamani hoto harka ce ta gwamnati. Fuskarsa tana kan allunan tituna da bangon ofisoshi da takardar dinari ɗaya, baƙon ɗan jarida kuwa ba ya yawo sai da jami'in da aka haɗa shi da shi. Ko da tarzoma ta ɓarke a Bengazi a watan Fabrairun 2011, 'yan jaridar da aka bari su shiga Turabulus an tara su ne a otal ɗin Rixos, ana kwasarsu a bas zuwa inda hukuma ke so su gani. A yankunan 'yan tawaye lamarin ya sha bamban. Can maraba ake yi da kyamara, domin masu boren sun san cewa hotunansu na cikin abin da zai jawo musu taimakon waje. Kusancin ya ci rayuka. An kashe Ali Hassan al-Jaber na tashar Aljazeera kusa da Bengazi a watan Maris, aka kashe Anton Hammerl ɗan Afirka ta Kudu a wajen Brega ranar 5 ga Afrilu, sannan Tim Hetherington da Chris Hondros suka rasu a Misrata ranar 20 ga Afrilu. Ya kuma bar wata matsala da ba ta bayyana ba sai daga baya: masu hoto da yawa sun shiga lokacin nasara suna da sabo da ɓangare ɗaya, wanda suka ci abinci tare, suka kwana a mota ɗaya.

Mayaƙan adawa sun shiga Turabulus ranakun 20 da 21 ga Agusta, suka kutsa gidan Gaddafi na Bab al-Aziziya ranar 23. Hotunan wannan mako su ne duniya ta fi tunawa, kuma kusan irinsu ake samu duk inda fada ta faɗi. Matasa sun ɗare gunkin dunƙulallen hannun zinariya mai murƙushe jirgin yaƙin Amurka, wanda aka kafa don tunawa da harin da Amurka ta kai a 1986, daga bisani aka ɗauke shi zuwa Misrata. Wasu sun zauna a kan kujerar zinariya mai siffar 'yar ruwa a gidan A'isha Gaddafi. An kuma tsinci kundin hotunan Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, a cikin kayan gidan Bab al-Aziziya. Irin waɗannan hotuna suna da amfani ga mutanen da suka rayu cikin tsoro, domin ganin talaka yana shawagi a ɗakin da ko kallon katangarsa laifi ne yana karya kwarjinin mai ɗakin. Amma ba sa bayyana komai game da yadda aka gudanar da mulkin. Sun fi kusa da ganima.

Abin da ya bayyana mulkin yana cikin ɗakunan da ba su da ƙawa. A ofisoshin hukumomin leƙen asiri da aka gudu aka bari, masu bincike sun tarar da takardu da hotuna jibge, wasu a warwatse a ƙasa, wasu sun fara ƙonewa. Peter Bouckaert na ƙungiyar Human Rights Watch yana cikin waɗanda suka shiga ofishin Musa Kusa, tsohon shugaban leƙen asirin waje, inda aka sami wasiƙun da suka tona yadda hukumomin CIA na Amurka da MI6 na Birtaniya suka taimaka wajen miƙa 'yan adawa ga Gaddafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Abdulhakim Belhaj, wanda gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwarsa a hukumance a watan Mayun 2018. Hanyar aikin a nan ita ce a ɗauki hoton takarda shafi bayan shafi a inda aka same ta, a bar asalin a ƙasar, domin kayan mutanen Libiya ne, kuma takardar da aka raba da mazauninta tana rasa ƙarfinta a gaban alƙali. Haka aka yi da dubban hotunan da aka samu, tun daga na zamanin Sarki Idris har na ziyarce-ziyarcen shugabanni da na hukuncin rataya a bainar jama'a, aka nuna wasu daga cikinsu a Landan a 2012. Wannan aiki ba ya cin gasar hoto, ba ya kuma hawa shafin farko, amma tarihi ya fi dogara da shi.

Kurkukun Abu Salim ya nuna wata fuska ta lamarin. A ƙarshen watan Yunin 1996 an harbe fursunoni kimanin 1,200 a cikinsa, gwamnati ta shafe shekaru ba ta faɗa wa iyalai komai ba, har wasu suka ci gaba da kai abinci da tufafi ga mutanen da suka daɗe da rasuwa. Kama lauyan iyalan, Fathi Terbil, ranar 15 ga Fabrairu, 2011, shi ya kunna zanga-zangar farko a Bengazi. Hujjar da waɗannan iyalai suke da ita ba ta wuce ƙananan hotunan fasfo da na makaranta ba, waɗanda suka faɗaɗa suka lilliƙa a bangon kotun Bengazi. Da aka fasa kurkukun a watan Agusta, masu hoto sun sami ɗakuna a buɗe da rubuce-rubuce a bango, amma ba su sami gawawwakin 1996 ba. A watan Satumba hukumomin riƙon ƙwarya suka kira 'yan jarida wani fili a bayan katangar gidan yarin, suka ce sun gano kabarin. An ɗauki hotunan ƙasusuwa, labarin ya zaga duniya, sai kuma shakka ta biyo baya da masu ilimin likitanci suka lura cewa wasu ƙasusuwan sun fi kama da na dabba. Kyamara ta ɗauki abin da ke gabanta daidai. Kuskuren yana cikin ɗan rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoto, wanda a irin wannan lokaci kan zo daga bakin wanda ya yi nasara.

Daga nan aikin ya sauya yanayi. Jami'in gwamnati mai rakiya ya tafi, amma kowace unguwa ta sami rundunarta, kowace runduna da shingenta da kurkukunta. Mai hoto da ke son shiga wani wuri dole ya nemi yardar kwamanda, galibi ta hannun direba ko tafinta ɗan garin, wanda shi zai zauna da mutanen bayan baƙon ya tafi. Kwamanda kan yi murnar nuna ɗakin azabtarwar da tsohuwar gwamnati ta bari. Ɗakin da mutanensa ke tsare da nasu fursunonin kuwa wata magana ce dabam.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu a wannan lokaci su ne baƙaƙen fata. Libiya ta daɗe tana ɗauke da leburori da magina da masu gadi daga Nijar da Najeriya da Chadi da Mali da Gana, da yawansu sun bi ta Agadez da Dirku suka ratsa sahara. Tun farkon boren aka yaɗa cewa Gaddafi ya hayo sojojin haya daga kudancin sahara. Akwai mayaƙan waje a rundunarsa, amma binciken Amnesty International ya nuna an zuzuta zancen, kuma da yawan waɗanda aka kama ma'aikata ne kawai. Hotunan samari baƙaƙe a durƙushe, bindiga a kansu, sun fita da sunan sojojin haya ba tare da wani ya tantance ba, kalmar kuma ta isa ta sa a halaka mutum. Wasu masu hoto sun bi sawun labarin zuwa tashar jirgin ruwa ta Sidi Bilal a yammacin Turabulus, inda ɗaruruwan 'yan ci-rani suka fake a ƙarƙashin tsofaffin jiragen kamun kifi. Garin Tawarga, kudu da Misrata, ya fi wannan muni. Sojojin Gaddafi sun yi amfani da shi wajen yi wa Misrata ƙawanya, don haka a watan Agusta mayaƙan Misrata suka kori mutanensa baki ɗaya, aƙalla mutum 30,000, mafi yawansu 'yan Libiya baƙaƙe. Garin da babu kowa ba ya ba da hoto mai motsi, sai ƙofofi a buɗe da gidaje ƙonannu, shi ya sa hotunan taurarin ɗan'adam, na kafin kora da na bayanta, suka fi nuna girman ɓarnar.

Ranar 20 ga Oktoba aka kama Gaddafi a wata magudanar ruwa a gefen Sirte, bayan jiragen NATO sun kai wa ayarin motocinsa hari. Babu ƙwararren mai hoto a wurin. Mayaƙan da suka kama shi ne suka ɗauka da wayoyinsu, hoton farko da ya isa jaridun duniya kuwa Philippe Desmazes na kamfanin dillancin labarai na AFP ya samo shi ta hanyar ɗaukar fuskar wayar wani mayaƙi. Hukumomin riƙon ƙwarya sun ce harsashin musayar wuta ne ya same shi. Bidiyoyin mayaƙansu suka nuna shi da ransa a hannunsu, jina-jina, ana dukansa. An kai gawarsa da ta ɗansa Mu'utasim da ta ministan tsaro Abubakar Yunus Jabir wani ɗakin sanyi na kasuwa a Misrata, jama'a suka yi layi na kwanaki suna shiga suna ɗaukar hoto, kafin a binne su a ɓoye cikin sahara ranar 25 ga wata. Masu shiga layin suna da hujjarsu, wato gani ya kori ji, musamman ga mutanen da aka shekara 42 ana yi musu ƙarya. Amma Musulunci ya yi umarni da gaggauta suturta mamaci ko wane ne shi, kuma sashe na 13 na Yarjejeniyar Geneva ta uku ya hana a mai da fursunan yaƙi abin kallo. Gidajen jarida sun rabu a kan lamarin: wasu sun baza hoton a shafin farko, wasu sun ƙanƙanta shi ko sun kai shi ciki.

Waɗannan wayoyi sun yi wani aikin da masu su ba su nufa ba. Kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Sirte, ma'aikatan Human Rights Watch sun tarar da gawawwaki 53 a harabar otal ɗin Mahari, wasu an ɗaure musu hannu ta baya. Sai aka sami wani bidiyo da mayaƙan Misrata suka ɗauka suna zagin mutanen da suka kama daga ayarin Gaddafi. Masu binciken suka gwada fuskokin da ke bidiyon da hotunan ɗakin ajiye gawa na asibiti, suka tabbatar cewa aƙalla 17 daga waɗanda aka gani da rai suna cikin matattun otal ɗin. Rahoton da ƙungiyar ta fitar a watan Oktoban 2012 ya ce aƙalla mutum 66 aka kashe a wurin. Irin wannan tantancewa tana da ƙa'idoji: a nemo asalin fayil ɗin kafin a yi ta tura shi ya rasa bayanan ranar da aka ɗauka, a dubi gini ko hasumiyar masallaci da ke baya a gwada da taswira, a lura da inuwa don sanin lokaci, a saurari karin harshen masu magana. A watan Agustan 2017 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta ba da sammacin kama Mahmud al-Warfalli, wani kwamanda a Bengazi, bisa zargin kashe mutum 33, hujjar kuma ta dogara sosai a kan bidiyoyin da aka ɗora a shafukan sada zumunta. An harbe shi a Bengazi a 2021 kafin ya gurfana.

An ayyana 'yantar da ƙasar ranar 23 ga Oktoba, 2011, NATO ta rufe aikinta ƙarshen watan, yawancin masu hoto na waje suka wuce Siriya. Rémi Ochlik, Bafaranshen da hotunansa na Libiya suka ci lambar World Press Photo a farkon 2012, ya rasu a Homs cikin watan Fabrairun shekarar. An ɗan dawo don zaɓen 7 ga Yuli, 2012, aka ɗauki yatsu masu tawada, aka sake dawowa bayan kashe jakadan Amurka Christopher Stevens a Bengazi a watan Satumba. Rabewar ƙasar zuwa gwamnatoci biyu daga 2014 ta faru a hankali, cikin sace mutane da layin banki da ɗaukewar wuta, abubuwan da ba sa taruwa cikin hoto guda. Masu komawa sun yi ƙaranci. Narciso Contreras ɗan Meziko ya shiga wuraren tsare 'yan ci-rani a 2016, a shekarar ce kuma aka harbe Jeroen Oerlemans ɗan Holan a Sirte lokacin yaƙi da ƙungiyar IS. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon da tawagar Nima Elbagir ta ɗauka a ɓoye, inda ake gwanjon 'yan Afirka a kan dala 400, abin da ya sa Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe suka ƙara ƙaimi wajen kwaso mutanensu. Sauran aikin na yau da kullum ya koma hannun 'yan ƙasar, waɗanda ba su da jirgin da zai fitar da su idan hoto ya ɓata wa wata runduna rai. Daga cikinsu akwai Muhammad bin Khalifa, mai aika wa kamfanin AP hotuna, wanda ya rasu a watan Janairun 2019 yana ɗaukar faɗan ƙungiyoyi masu makamai a kudancin Turabulus.