Yadda Likita Da Majalisa Suka Kori Kwalara Daga Landan

Mun saba ji ana cewa masana su ke bincike, 'yan majalisa kuwa su ke yin doka. Haka ne, amma aikin ba ya tafiya sumul kamar faɗarsa, gama masani ba shi da ikon taɓa baitulmali, ɗan majalisa kuma bai san abin da ke cikin ɗigon ruwa ba. Bari mu duba abin da ya auku a birnin Landan.

Cikin shekarar 1854 annobar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ta faɗa wa unguwar Soho, ta kashe mutum wajen 600. A zamanin nan galibin likitoci sun ɗauka wari ne ke kawo cutar. Sai wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana rubuta inda aka yi mutuwa, ya zana taswira, ya ga ashe mamatan sun kewaye famfon titin Broad Street ne. Har wata tsohuwa da ke zaune nesa, a Hampstead, ta mutu, domin daga famfon nan a ke ɗebo mata ruwa saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Ya kai magana gaban hukumar unguwar, aka cire hannun famfon.

To, al'adar Majalisar Ingila ce in za a yi doka a naɗa kwamiti, shi kuma ya kira masana ya yi musu tambayoyi. A 1855 Snow ya tsaya gaban irin wannan kwamiti, ya ce warin majema da masu dafa ƙashi ba ya haddasa annoba. Ba su karɓa ba, har jaridar likitoci ta yi masa ba'a. A ganinmu ba duka laifin 'yan majalisa ba ne, tun da masanan kansu bakinsu bai zo ɗaya ba.

Abin da hujja ta kasa, hanci ya yi shi. A lokacin zafi na 1858 kogin Tems, inda ƙazantar birnin duka ke zuba, ya yi ɗoyin da ya kusa hana majalisa zama, gama ginin a bakin kogin ya ke. Nan da nan Disraeli ya kawo doka, cikin kwana 18 ta wuce, aka yarda a ranto fam miliyan 3. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai ƙarƙashin ƙasa, su kwashe ƙazanta su kai can gabas da birni. Watau wari suka nufa su kora, sai ga shi sun raba najasa da ruwan sha. Snow bai ga wannan ba, ya rasu cikin watan Yuni na shekarar nan.

Kwalara ta sāke komowa a 1866, amma ɓarnarta ta fi yawa a gabashin Landan, inda aikin bai ƙare ba tukuna. William Farr, mai lissafin mace-mace na gwamnati, wanda dā ya ke cikin masu zargin wari, ya bi sawunta har ya iske ruwan wani kamfani ne ya gurɓata. Daga wannan shekara annobar ba ta ƙara kama birnin ba. Ƙwayar cutar kuwa, sai a 1884 Robert Koch na Jamus ya tabbatar wa duniya da ita.