Ƙirar Sunayen Gishirorin Kimiyya Masu Tarin Atam

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna cewa sunayen da ɗaliban sakandare ke haddacewa a darasin kemistare suna da ƙira irin ta kalma, wato saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Tushen wannan tsari shi ne aikin da Lavoisier da abokansa uku suka buga a Faransa cikin 1787.

Ma'anar Ayon Mai Tarin Atam

Ayon shi ne atam, ko gungun atam, mai ɗauke da cajin lantarki. Wani ayon tilo ne, kamar sodiyam, Na⁺. Wani kuwa atam da yawa ne suka manne, suna aiki tamkar abu guda, kamar kabonet, CO₃²⁻, da amoniyam, NH₄⁺. Idan mai cajin ƙari ya haɗu da mai cajin ragi, sai a sami gishiri a ma'anar kimiyya. Alli, alal misali, kalsiyam kabonet ne, CaCO₃.

Ƙa'idojin Suna

Da farko, mai cajin ƙari ake fara ambata, sannan mai cajin ragi ya biyo baya. Takin nan (NH₄)₂SO₄ sunansa amoniyam salfet. Baka biyun da ke cikinsa na nuna cewa gungun NH₄ ɗungurungum aka ninka, domin cajin ƙari biyu su daidaita cajin ragi biyu na salfet.

Na biyu, ɗafa-ƙeya ke bayyana yawan oksijin. Mai -et ya fi mai -ayit da atam ɗaya: salfet SO₄²⁻, salfayit SO₃²⁻, naitiret NO₃⁻, naitirayit NO₂⁻. A lura, -et ba ya nufin wani adadi tsayayye, tun da salfet na da huɗu, naitiret kuwa uku.

Na uku, inda dangin suka kai huɗu, sai ɗafa-goshi ya shigo. Haifo- na nuna mafi ƙaranci, fa- kuma mafi yawa: haifokulorayit ClO⁻, kulorayit ClO₂⁻, kuloret ClO₃⁻, fakuloret ClO₄⁻.

Na huɗu, ƙarfen da ke da caji fiye da iri ɗaya akan bi sunansa da lambar Romawa. FeSO₄ na da (II), Fe₂(SO₄)₃ kuwa (III), alhali duka biyun salfet ne na baƙin ƙarfe.

Har ila yau, littattafan sakandare na Nijeriya kan yi amfani da dogon suna mai faɗin adadin ƙarara. A can salfet shi ne tetira-okso-salfet (VI): tetira huɗu ke nan, okso oksijin, lambar kuma matsayin salfa ce a cikin gungun.

Kammalawa

Abin da ya shafe mu, masu nazarin harshe, shi ne yadda za a Hausantar da waɗannan sunaye. Bahaushe kan daidaita baƙuwar kalma da lafazinsa, kuma a nan ne -et da -ayit ke iya narkewa su zama abu ɗaya. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin sodiyam naitiret taki ne, sodiyam naitirayit kuwa, in ya yi yawa a jiki, yakan hana jini ɗaukar oksijin har ya yi kisa. Saboda haka, duk mai fassara littafin kimiyya ko koyar da shi da Hausa, wajibi ne ya saki saiwar ta bi lafazinmu, amma ya tsare ɗafin yadda kunne zai bambance shi.