KOKAWAR TAKOBI

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Jakara ne, ko mai zuwa cin Kasuwar Kurmi, ba ka rasa haɗuwa da mutanen Maraɗi da na Damagaram waɗanda su ke zuwa Kano fatauci ko cin rani. In watan Disamba ya yi nisa, ka kan gan su sun kewaye rediyo, sun kasa kunne, can sai ka ji sun ɗauki sowa gaba ɗaya. Abin da su ke saurare shi ne babbar kokawar da a ke yi a ƙasar Nijar sau ɗaya a shekara, wadda a ke kira Kokawar Takobi. Ga bayaninta, don ka san yadda a ke yinta, da abin da ya sa ta ke da daraja.

Asalin kokawa

Tun zamanin da Hausawa suna girmama mai ƙarfi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna a Dutsen Dala, aka ce da sanda ya ke kashe giwa, ya ɗauko ta a ka. Amma ita kokawa wasan manoma ce. In kaka ta yi, aka sa hatsi a rumbu, sai samarin wani ƙauye su ɗauki makaɗansu su tafi wani ƙauye neman abokan karawa. A share fage, a yi da'ira, ko wane ɗan kokawa ya fito da warki ko bante, da guraye da layu, ya yi kirari, ya kira wanda ya isa.

Kada ka haɗa ta da dambe. Dambe an fi saninsa da mahauta, ana naɗe hannu ɗaya da zare a yi naushi, irin wanda Shago ya yi suna a kansa, har Ɗan Anace ya yi masa waƙa. A kokawa kuwa ba naushi, ba shuri. Kamawa a ke yi, da taɗiya, da harɗe ƙafa, da cicciɓa, har ɗaya ya kai ɗaya ƙasa. Wannan shi a ke kira kaye. Da an yi kaye magana ta ƙare.

Yadda ta zama ta ƙasa duka

A shekarar 1975, zamanin mulkin Sayni Kunce, hukumar Nijar ta tara gwanayen kokawa na dukan jihohinta a garin Tawa, aka sa takobi ya zama ladan wanda ya fi kowa. Kantu na Maraɗi shi ya fara cin takobin nan. Daga nan abin ya zama al'ada, ana kewayawa da shi daga babban garin wata jiha zuwa na wata, don kada wani gari ya ce shi kaɗai ke da shi.

Jihohin nan takwas ne: Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Ko wace jiha ta kan yi tata kokawar tukuna, ta tace mutum 10. In ka lissafa, ka ga mutum 80 ke nan su ke shiga fage. Ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da sauran kabilun ƙasar. A kan yi wajen kwana 10 ana karawa.

Yadda a ke fid da gwani

To, a nan ne abin lura ya ke. Ko wace rana a kan haɗa jiha da jiha, mutum goman wannan su kara da goman waccan. Wanda aka kayar ko sau ɗaya ne, ya fita daga neman takobin wannan shekara, ko da ya kayar da mutum shida kafin nan. Zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa, amma takobi sai baɗi, in da rai. Saboda haka kullum maraice mutane su kan ƙidaya waɗanda ba su taɓa ƙasa ba. Yau ka ji sun kai talatin, gobe sun ragu, jibi sun ƙara raguwa, har ya zama saura 'yan kaɗan. Su ne za a haɗa su da junansu, har a bar biyu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ran ƙarshe fage ya kan cika maƙil, manyan hukuma suna zaune, makaɗa suna zuga ko wane da sunan garinsu. Akwai alƙalan wasa masu duba kaye da tsai da lokaci. Wanda ya yi nasara a kan yi masa naɗi kamar sarki, a miƙa masa takobi, a ba shi kuɗi miliyoyin sefa, ban da kyautar attajirai. In ya koma gida, jama'a su kan fito tariyarsa tun daga bayan gari.

Ba a manta da mazan jiya ba. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu aka sa masa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuwa sunan Langa-Langa. Cikin na baya-bayan nan, Isaka Isaka na Doso ya ci takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023.

Bambancinta da ta Amurka

Wataƙila ka taɓa ganin wata kokawa ta Turawa a talabijin, ƙarti suna jifa da juna cikin fili mai igiya. Babban bikinta na shekara shi ne WrestleMania, wanda aka fara a birnin New York na Amurka a 1985. Masu yinta suna da ƙarfi da gwaninta ƙwarai, su kan ji ciwo kuma, amma tun kafin a shiga an riga an shirya wanda zai ci, kamar wasan kwaikwayo. Kokawar Takobi kuwa, zamewar ƙafa ɗaya ta isa ta ɓata wa gwani wahalar shekara guda, yaron da ba a san sunansa ba ya kayar da wanda ƙasa duka ke tsoro. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Abin da za ka riƙe

Ka duba abin da ya ke faruwa bayan kaye. Mutum ya bar gidansa, ya yi wata da watanni yana shiri, aka kai shi ƙasa gaban dubban mutane, danginsa suna ji a rediyo. Duk da haka ladabin fage shi ne ya tashi, ya karkaɗe ƙura, ya ba abokin karawarsa hannu, ya karɓi hukuncin alƙali. Wanda ya yi kaye kuma ba ya bi na ƙasa da duka, ya kan miƙa hannu ya tashe shi. Da ba don wannan ba, da jihohi takwas ba su taru wuri ɗaya shekara da shekaru sun rabu lafiya ba.

Saboda haka in ka ga yaran unguwa suna kokawa a ƙofar gida, kada ka kore su da tsawa. Ka share musu wuri mai yashi, ka kawar da duwatsu da fasassun kwalabe, ka haɗa ko wane da tsaransa, ka hana naushi da shaƙe wuya. In an yi kaye ka raba su nan da nan, ka sa su gaisa. Yaron da ya koyi faɗuwa ba tare da riƙo a zuci ba, in ya girma ba zai zare wuƙa don an fi shi a kasuwa ko a wurin neman aure ba.