Gulbi ya kawo

Da rani gulbin Maraɗi busasshe ne. Yara suna wasa cikin rairayinsa, amalanke suna ratsa shi. Amma in malka ta sauka, a watan Agusta, sai a kwana a yini ana ruwa. Sai ka ji ana cewa: gulbi ya kawo!

Daga ina wannan ruwa yake fitowa? Ruwan farkon damina ƙasa ce take shanye shi. In ta ƙoshi, sauran sai ya bi gangare. Ƙoramu su tara shi su zuba a gulbi. Ruwan ja ne, domin ya kwaso ƙasar gonaki.

Gulbin ya taso daga ƙasar Katsina, a Nijeriya. Ya biyo ta Jibiya ya shigo Nijar, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sa'annan ya koma Nijeriya. Saboda haka yana iya cika ko ba a yi ruwa a garinmu ba. Ruwan da aka yi a can nesa ne ya iso.

Muna iya auna shi tare da malaminmu. Tun gulbi bai kawo ba, sai a kafa doguwar sanda a gefensa, a yi mata zane kowane santimita 10. Kowace safiya mu tsaya bisa tudu mu duba, mu rubuta. Misali, in jiya ruwa yana zane na 3, yau yana na 6, to ya ƙaru da santimita 30. Sai mu gaya wa manya.

Amma a yi hattara. Kada mu tsaya a bakin gaɓa, domin ruwa yana cin ta daga ƙasa har ta zube. Kada mu shiga ruwa mai gudu, ko da iyakarsa gwiwa, domin yana iya kayar da babban mutum. A shekarar 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi, wanda yake cikin kwari. Shi ya sa aka mayar da garin bisa tudu.

In ruwa ya janye, yana barin laka da danshi a fadama. Nan ne iyayenmu suke noman rani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan gulbi yake ja?
2. Yaya gulbi yake cika ba a yi ruwa a garinmu ba?
3. A ina ya kamata mu tsaya in za mu duba sanda?