Esin tsohuwar tirela: a bi a hankali da ƙarin gas

A watan Afrilu, direban da ya kwana a kan tirelarsa a Tafa ko Mararrabar Jos ya san yadda gadon bayan kujera ke komawa tanda. Shi ya sa da esi ya daina sanyi sai ka ji ya ce wa bakanike, "Malam, a ƙara mini gas." Sau da yawa kuɗin a banza suke tafiya, domin gas ba ya ƙarewa haka kawai. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu ko bakin kwamfuresa, inda za a ga maiƙo ya kama ƙura ya yi baƙi. Wurin ake fara toshewa, a zuƙe iska da danshi, sannan a ɗura.

Wane gas ɗin ma? Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina yi sakamakon yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata shingen ozon. R134a ne ya gaje shi, kuma man kwamfuresarsu daban ne. Wanda ya ɗura sabon a kan tsohon mai, ba da jimawa ba zai sayi kwamfuresa.

Mafi muni shi ne gas na jabu. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Burazil, mutum uku suka mutu, bincike ya gano an gauraya gas ɗin da sinadarin R40. Gas ɗin girki kuwa, da wasu ke ɗurawa don araha, yana sanyi ba laifi, amma in ya yi yoyo cikin rufaffen kai, ashana ɗaya ta isa.

Gyara mai arha shi aka fi rainawa. Kwandensa da ke gaban lagireto tana toshewa da ƙurar hunturu da ƙwari, wanki da ruwa marar ƙarfi yana dawo da sanyi. A DAF da MAN direba a bisa injin yake zaune, saboda haka in soson da ke tare zafi a ƙasa ya ruɓe, ko robar ƙofa ta yage, esi da injin suke kokawa. Labule mai kauri tsakanin kujeru da gado yana taimakawa ƙwarai.

Sai batun kwana. Barin injin a kunne yana shan kusan lita 3 ta dizal a awa, ga hayaƙin salansa mai huji yana iya kutsowa ciki. Ƙaramin janareton fetur kusa da taga ya fi haɗari, don gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, a cikin barci take kisa. Akwai esi mai aiki da batir na bolt 24, irin na Webasto da Dometic, sai dai a zaɓi mai yanke wuta da kansa in batir ya yi ƙasa, kada gari ya waye mota ta ƙi tashi.