Mai Shiru-shiru Da Sana'ar Kanta: Labarin Beatrix Potter Ta Ingila

A kan ji mutane suna cewa wai sana'a sai mai baki. Abin nufinsu shi ne, wanda ba ya iya shiga taro ya zuga hajarsa, ya jawo mai saye har gaban rumfarsa, to, gara ya nemi aikin albashi ya fake a bayan tebur. In kuwa mai shirun mace ce, sai maganar ta ƙara nauyi, a ce ai wannan ko tallan gyaɗa ba za ta iya ba. Malaman makaranta sun san irin yaran nan, ko wane aji da tasa: yarinya can a bencin baya, ba ta ɗaga hannu, amma in an karɓi littattafai sai a tarar aikinta ya fi na kowa tsabta. Saboda irinsu muka ga ya kamata mu kawo labarin wata Baturiya, Beatrix Potter, wadda ta yi arziki da aikin hannunta ba tare da ta taɓa cin albashin kowa ba, alhali kuwa masu rubuta tarihinta sun haɗu a kan cewa ta tashi da tsananin kunya da gudun taro.

Kafin mu shiga labarin, ya kyautu mu raba abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai miskili, wanda a ke yi wa kirari da ya fi mahaukaci ban haushi, shi yana da abin faɗa, ƙin faɗa ya ke yi don ya ɓata wa mutane rai. Akwai kuma mai shiru-shiru, wanda hayaniya ke gajiyar da shi, kaɗaici kuwa ya wartsakar da shi. Na biyun nan shi ne halin matar da za mu ba da labarinta.

An haife ta a birnin Landan ran 28 ga watan Yuli 1866, a gidan masu hali. Ba a sa ta makaranta ba, malamai mata a ke ɗauka su koya mata a gida, saboda haka ba ta da ƙawayen wasa sai ƙanenta Bertram, sai kuma dabbobin da su ke kiwo a ɗakin karatunsu: zomaye, da ɓeraye, da bushiya, da jemage, har da ƙadangaru. Su ta ke zama ta ƙura wa ido tana zanawa. Daga 1881 zuwa 1897 tana rubuta abin da ke ranta a littafi, da wasu haruffa na ɓoye da ta ƙago wa kanta, ba wanda ya iya warware su sai a 1958, shekara 15 bayan rasuwarta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin zurfin cikinta.

Kuɗin farko da ta samu da guminta a 1890 ne. Ta zana zomonta a katin gaisuwar Kirsimeti, kamfani na farko da ta aika wa ya mayar mata da su, sa'an nan Bertram ya kai wa wani kamfani mai suna Hildesheimer & Faulkner, suka aiko mata da fam 6. Aikin jinga ne, watau a yi ciniki a kan aiki guda, a gama, a biya, kowa ya kama gabansa. Mai karatu zai lura ba ita ta kai kayan ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, gama matan da ke ɗinkin hula ko suyar ƙuliƙuli a cikin gida sun daɗe da sanin amfanin ɗan aike da dillaliya.

Amma abin da ya faru a 1894 shi ya fi jan hankalinmu. Wani kamfani, Ernest Nister, ya so sayen zanen wani kwaɗo mai kamun kifi da ta yi. Ta yanka musu sule 25, suka taya ƙasa da haka. Da baki da baki a ke cinikin nan, watakila da nauyin ido ya sa ta sallama. To, da ya ke a takarda ne, sai ta rubuta musu cikin ladabi cewa su mayar mata da zanenta, a bar maganar. Suka biya sule 25 ɗin cif. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, sule 20 ke nan fam ɗaya, kamar yadda dattawanmu da suka riski kuɗin kafin zuwan naira a 1973 za su tuna. Abin da ta gano ran nan ya fi kuɗin daraja: wasiƙa tana ba mai jin nauyin mutane damar ya yi tunani, ya tsara magana, ya kuma ce a'a ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Ta so ta shiga sahun masana tsirrai, don ta yi shekaru tana nazarin laimar kwaɗi da danginta, tana zana su da kyau ƙwarai. A 1897 aka gabatar da takardar bincikenta a wata ƙungiyar masana ta Landan, Linnean Society, amma wani namiji ne ya gabatar a madadinta, don a lokacin ba a yarda mata su halarci taron ba. Ƙofar nan ba ta buɗu ba, ta juya wani wajen.

Littafin da ya fito da sunanta ma daga wasiƙa ya samo asali. Ran 4 ga watan Satumba 1893 ta rubuta wa wani yaro marar lafiya, Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta, labarin wani ɗan zomo mai ƙiriniya da ya shiga lambun wani manomi, ta ƙawata takardar da zane. Bayan shekara 7 ta aro wasiƙar ta mai da ita littafi, The Tale of Peter Rabbit. Kamfanonin buga littattafai suka yi ta mayar mata da shi. Wasu suna son a yi shi babba mai tsada, ita kuwa ta kafe a kan ƙarami, wanda hannun yaro zai riƙe, iyayensa kuma su iya saye. Da ta ga haka sai ta ɗebi kuɗinta ta sa aka buga mata guda 250 a watan Disamba 1901. Suka ƙare nan da nan, ta ƙara buga 200 a watan Fabrairu 1902. Cikin waɗanda suka saya har da Arthur Conan Doyle, marubucin labarun Sherlock Holmes.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kamfanin Frederick Warne, wanda shi ma da fari ya ƙi littafin, ya dawo ya ce zai buga in ta yarda ta sake zanen duka da launi. Ta yarda, ta zauna ta sake. Muna so a lura da inda ta sassauta da inda ta tsaya. Maganar launi ta bar musu, don su suka san kasuwa. Maganar girman littafin da arharsa kuwa ba ta motsa ba, aka sa masa sule ɗaya. Ta kuma tambaye su a rubuce wane ne zai mallaki haƙƙin littafin, tambayar da masu baki da yawa kan manta da ita saboda ɗokin ganin sunansu a bugu. Littafin ya fito a watan Oktoba 1902, bugun farko guda 8,000, kafin shekarar ta ƙare an buga 28,000.

Daga nan ta kama hanya, kusan ko wace shekara littafi ɗaya ko biyu, har ƙananan littattafanta suka kai 23. Ba ta yawon tallan kanta ba. Aiki ta ke miƙawa mai kyau, ta bi ko wane shafi da gyara, ta yi gardama a takarda a kan kalma guda ko launi guda. A 1903 ta ɗinka zomon nata da tsumma kamar 'yar tsana, ta kai ofishin rajista ta yi masa rajista da sunanta, don kada wani ya ƙera ya sayar ba da izninta ba. Ta riga mutanen zamaninta gane cewa zane guda yana iya ciyar da mai shi ta hanyoyi da yawa.

Mai irin halinta ba ta iya hulɗa da mutum ɗari, saboda haka ta riƙe 'yan kaɗan ta riƙe su da kyau. Babbansu shi ne Norman Warne, ƙaramin 'ya'yan mai kamfanin, wanda ke duba littattafanta, shi ma mutum ne mai sanyin hali. A watan Yuli 1905 ya nemi aurenta, ta wasiƙa kuwa. Iyayenta suka ƙi, wai ɗan kasuwa bai kai matsayinsu ba, ita kuwa ta amsa. Bayan wata guda Allah ya yi masa rasuwa. A cikin shekarar ta sayi wata gona mai suna Hill Top a ƙauyen Near Sawrey, cikin ƙasar tafkuna ta arewacin Ingila, da kuɗin littattafanta da ɗan gadon da ta samu.

Kada a ɗauka hanyar nan ba ta da ramuka. Dogara ga abokin ciniki guda yana sauƙaƙa wa mai gudun jama'a rayuwa, amma duk abin da ya sami abokin nan ya same ta. Kamfanin bai yi wa littafin farko rajista a Amurka ba, sai masu buga littattafai na can suka yi ta bugawa ba su ba ta ko kwabo. Wanda ya fi wannan muni ya zo a 1917, sa'ad da aka ɗaure Harold Warne, wan Norman, saboda takardun kuɗi na jabu, kamfanin ya kusa rushewa da kuɗinta masu yawa a hannunsa. Ta daɗe tana rubuta masa tana neman lissafin abin da ta ke bi, yana ta yi mata hanya-hanya. A ganinmu nan ne iyakar wasiƙa. Mutumin da ya yi niyyar ɓoye lissafi, takarda ba ta tsorata shi, sai an sa wani ya je ya zauna gabansa ya buɗe littafin kuɗi. Ma'aikatan ofis sun fi kowa sanin yadda takarda kan kwana a ƙasan tire. Duk da haka ba ta juya wa kamfanin baya ba, ta ba su sabon littafi a shekarar don su sami abin farfaɗowa.

A 1913 ta auri William Heelis, lauyan da ke taimakonta sayen gonaki, tana da shekara 47. Tun daga nan a ƙauye ta zauna, mutane suka san ta da sunan mijinta, cikin takalmin katako da tsohuwar riga, tana bin tumaki. Ba ta son 'yan jarida, ba ta son a yi ta nuna ta. A 1936 Walt Disney ya nemi iznin mai da zomonta majigi, ta ƙi. Da idonta ya fara rauni sai ta rage zane, ta ba da ƙarfi ga kiwon wani irin tumakin duwatsu da a ke kira Herdwick, tumakinta suka yi ta cin kyauta a wuraren nuni. Matar da a da ba ta iya kai zanenta kanti da kanta, ga ta tsakiyar makiyaya tana alƙalancin tumaki, domin maganar da a ke yi a wurin ta san ta ciki da waje.

A 1943 ƙungiyar masu kiwon tumakin ta zaɓe ta shugaba, mace ta farko da aka taɓa zaɓa, amma ta rasu ran 22 ga watan Disamba na shekarar kafin ta kama aiki, tana da shekara 77. Ta bar wasiyyar ƙasa fiye da eka 4,000, da gonaki da tumakinsu, ga National Trust, ƙungiyar da ke tsaron wuraren tarihi da filaye a Ingila. Gidan Hill Top yana nan da kayansa yadda ta bar shi, masu ziyara suna shiga su gani.