Motocin Rimot a Yashin Achika: Me Ya Sa Yara Ke Sake Musu Giya?

Motar wasa mai rimot da ake saya wa yaro da Sallah ba don ƙasarmu aka ƙera ta ba. Yawancinsu daga gundumar Chenghai ta birnin Shantou suke fitowa, a kudancin ƙasar Sin, inda masana'antun kayan wasa suka yi cincirindo, kuma wanda ya tsara su daɓen tayil ko na siminti ne a ransa. Sukan sauka a Kasuwar Sabon Gari a Kano, daga nan 'yan koli su bazu da su zuwa Wudil da ƙauyukanta. Wadda ta iso ƙauyen Achika kuwa, rairayi da burji da ƙurar hunturu ne ke jiran ta. Kafin a gama yawon Sallah sai ka ji tana kuka a wuri ɗaya, taya ta ƙi juyawa. A da, nan ne ƙarshenta, sai bayan ɗaki ko buhun mai jari bola. A 'yan shekarun nan abin ya soma sauyawa. Yara maza, daga 'yan shekara goma zuwa samari masu koyon sana'a, suna kwance ta, su fito da akwatin giyar, su sake mata tsari, sannan su fita fili a yi tsere.

Ba za a gane abin da suke yi ba sai an leƙa cikin motar. Akwai ɗan injin lantarki da yara ke kira rota, irin wanda a da ake cirowa daga matacciyar rikoda. Rota tana da saurin juyi, amma ba ta da ƙarfi. A ce tana juyawa sau 12,000 a minti ɗaya, faɗin tayar motar kuma santimita 6 ne. Da za a haɗa su kai tsaye, lissafi zai ba da gudun da ya haura kilomita 130 a awa, abin da rota ba ta da ƙarfin kusantarsa. Ana ajiye motar a ƙasa za ta cije. Shi ya sa ake sa giya a tsakani. Ƙaramin faifai mai haƙora a bakin tsinken rota yana juya babba, babban yana goye da wani ƙarami, shi ma ya juya wani babban, har a kai ga sandar taya. Idan rota sai ta juya sau 15 kafin taya ta juya sau ɗaya, gudun zai sauko wajen kilomita 9 a awa, amma ƙarfin da ke isa taya ya ninka kusan sau 15. Giya ba ta kawo komai daga aljihunta. Duk abin da ta ba ka ta wajen gudu, ta karɓe shi ta wajen ƙarfi.

Dalilin farko na wannan sabon yayi shi ne kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ke zuwa cikin kwantena ya yi tashin gwauron zabo, har da batir ɗin da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Uban da ya daure ya sayi motar sau ɗaya ba zai sayi ta biyu ba, kuma yaron ya san da haka.

Na biyu shi ne bola ta cika da abin da a da babu shi. Kowace matacciyar na'urar DVD tana ɗauke da rota, da ɗan bel na roba, da fayafayan haƙori a wurin da ke turo faifai waje. Tsohuwar firinta ta fi ta ma arziki. Tocila mai caji, da fankar caji, da batir ɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, da yawansu suna ɗauke da batir ɗin litiyam mai lamba 18650, wanda ake iya caja shi sau ɗaruruwa. Masu gyaran waya kuma sun kai dalma da ƙarfen liƙi har cikin ƙananan garuruwa. Sai wayar kanta: bidiyon minti uku a YouTube ko TikTok, ko da yaron bai ji harshen mai magana ba, hannu yake kallo.

Amma ni a ganina tushen ya girmi waɗannan duka. Yaron Bahaushe ya daɗe yana ƙera mota. Ya yi ta kara da totuwa yana soke ta da ƙaya, ya yi ta langa-langa, ya yi ta gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya fitar da taya huɗu masu girma ɗaya. A ƙasar Wudil, inda tifofi ke ɗibar yashi daga kogi suna bin hanyar Kano, ba abin mamaki ba ne ka ga yaro ya ƙera tifa har da bodin da ke ɗagawa ya juye. Wanda ya taso a haka ba ya ganin mota a matsayin abin da aka rufe ba a buɗewa. Motar rimot ba ta koya masa ƙira ba. Abin da ta kawo masa shi ne matsalar da motar turawa da sanda ba ta taɓa kawowa ba: yadda ƙarfi zai tashi daga inji ya isa taya.

A ƙasashen da wannan wasa ya zama tseren manya, an daɗe da mayar da wannan matsala lissafi. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, aka kafa hukumar gasar duniya ta IFMAR a 1979, kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka kuma ya fito da Slash a 2008, wata 'yar akori-kura ta tsere a kan ƙasa. Akwatin giyar Slash mai jan baya yana rage juyi da 2.72, sauran kuma mai mota ne ke zaɓa. Ya sa ƙaramin faifai mai haƙori 16 da babba mai 90, jimilla ta ba shi kusan 15.3. Ya sa 23 da 86, ta sauko wajen 10.2, motar ta ƙara gudu, injin ya ƙara zafi. Ƙa'idarsu sananniya ce. Ba a ƙara haƙori fiye da ɗaya ko biyu a lokaci guda, kuma bayan 'yan mintoci ana auna zafin injin. Idan za a haɗa fayafayan biyu sai a cusa siririyar takarda a tsakaninsu, a ɗaure, a zare ta, don haƙoran su sami ɗan wurin numfashi. Idan filin yashi ne ko ciyawa, ko an sa manyan tayoyi, haƙoran ƙaramin faifan ake ragewa.

A nan ne damuwata take, domin mafi yawan gyaran da yaranmu ke yi ya juya wa wannan baya. Abu uku suka fi yi. Su cire batir huɗu masu ba da bolt 6, su sa litiyam biyu a jere, waɗanda idan sun cika caji suna ba da 8.4. Su yanko manyan tayoyi don motar ta yi kwarjini ta kuma daina kafewa a ciki. Wani ma ya cire faifai ɗaya daga cikin akwatin don a rage hanya. Duk ukun gudu suke nema, kuma duk ukun rota ɗaya suke ɗora wa nauyi. Tayar da aka ɗaga daga santimita 6 zuwa 9 kaɗai ta zubar da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke tura motar.

Je ka filin makaranta bayan la'asar ka gani. A kan tsandauri motar za ta fita da gudu, yara na ihu suna bin ta. Tana faɗawa rairayi sai muryarta ta sauya, ta yi nishi, ta tsaya, mai ita kuma ya ƙara danne rimot. Ba lokacin da rota ke zuƙar wuta kamar lokacin da aka hana ta juyawa. Sai wari ya tashi. Yaron ya ɗaga motar, ya taɓa rota, ya janye yatsa da sauri. Tsinken ya yi zafi har ya sassauta ramin ƙaramin faifan roba, yanzu yana juyawa a ciki shi kaɗai. Zai ɗiga masa gam, ya kwana, gobe ya sake sakin jiki. Wani kuma zai kawo shawarar a zuba baƙin mai ko giris, alhali mai idan ya haɗu da yashi niƙe haƙoran yake yi. Masu tseren ƙasashen waje a bushe suke barin waɗannan fayafayan biyu, su rufe su da murfi. Doki ya fi gudu, amma jaki ake ɗora wa mangalar yashi, kuma ƙasar Achika motar da aka yi wa giyar jaki take so.

Akwai masu dacewa, kuma ba sa'a ce kawai ba. Galibi za ka tarar suna da wa ko kawu a garejin babur. Bakanike ya san maganar tun tuni, da hannu ya san ta. A ce faifan sarƙa na gaba haƙori 14 ne, na baya 42, ragin uku ke nan. Mai yawan bin kwalta tsakanin Wudil da Kano, musamman tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, zai so 15 a gaba, don injin ya rage juyi da kusan kashi 7 cikin ɗari a gudu ɗaya. Mai lodin buhuna daga gona zuwa kasuwar Darki, ko mai ɗaure akuya a baya ran Juma'a zuwa kasuwar Wudil, babban faifai yake so a baya, in ba haka ba kulocinsa ne zai biya. Yaron da ya zauna yana miƙa sifana yana jin wannan ciniki, ko ba a zaunar da shi an koya masa ba, ya riga ya ji cewa kaya da hanya su ke zaɓar giya.

Wata dabarar kuma da ta fi burge ni ita ce ta masu watsar da haƙora gaba ɗaya su koma bel. Su ɗauko robar cikin DVD ko robar ɗaure kuɗi, su zagaya ta daga tsinken rota zuwa wani faffaɗan faifai da suka yanka daga murfin roba. Yashi bai cika damun bel ba, kuma idan taya ta cije sai robar ta zame maimakon rota ta ƙone. Motocin tsere masu tsada suna da wani sashe na musamman da ke wannan zamewar da gangan don kare giya. Yaron ƙauye ya isa wurin da abin da ya tsinta.

Amfanin abin a fili yake, kuma ba sai an kai shi sama ba. Ba kowa ne zai zama Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors ba. Amma injin niƙa, da injin casar shinkafa, da injin markaɗe, duk da bel da fayafai suke aiki, kuma faifan da bai dace ba yana cin mai yana kashe inji. Ga famfunan ban-ruwa masu sola suna shiga fadamu, ga babura da motoci masu batir sun fara leƙowa. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya riga ya mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu aiki da lantarki. Duk waɗannan za su nemi mai gyaran da ya san rota, da batir, da giya tare, ba ɗaya kaɗai ba.

Illar da ta fi tayar min da hankali ba ƙonewar rota ba ce, batir ne. Litiyam ɗin da aka ciro daga bola sau da yawa ba shi da abin da ke yanke caji idan ya cika. Yara suna liƙa masa waya da dalma kai tsaye, suna caja shi da duk cajar da ta samu, suna sa shi a aljihu tare da kusa da makulli. Wanda rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya kumbura, yana iya kamawa da wuta, kuma a ɗakin da ke da katifa da rufin kara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Iyaye da yawa suna ganin batir ɗin tocila ne kawai. Sannan har yanzu wasan na maza ne zalla. Yarinya ba ta cikin masu kwance sukuru, ba don hannunta bai iya ba.

Abin da ya rage shi ne ƙirga. Yaro zai gwada faifai biyar ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa tsayawa ya ƙirga haƙoransu ya raba babba da ƙarami ba, alhali darasin giya da bel da sarƙa yana nan cikin manhajar fasaha ta ƙaramar sakandare. A allo ake zana shi, a haddace, a manta, motar kuma tana cikin jakar yaron an hana shi fito da ita. Achika ba ta da nisa da inda ilimin yake. A Wudil akwai kwalejin fasaha ta gwamnati, akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Ɗaliban injiniya biyu ko uku, da kwali ɗaya na matattun DVD, da wunin Asabar a wata firamare, sun isa a nuna wa yara talatin yadda ake fitar da ragin giya a takarda kafin a taɓa gam, da yadda ake gane batir ɗin da bai kamata a sake caja shi ba.

Ɗaya rabin maganin kuma yana hannun 'yan kasuwa. Masana'antun da ke yin waɗannan motoci suna sayar da fayafayan haƙori na roba kala-kala a leda, da ƙananan rotoci masu haɗe da akwatin giyarsu, da ɗan fanel mai kare batir ɗin litiyam wajen caji, duk a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mai shigo da kaya ya fi son ya sayar da mota sukutum, domin ribarta ta fi. Muddin haka ne, yaron Achika zai ci gaba da sa faifan da bola ta ba shi, ba wanda lissafi ya nuna masa ba. Ɗan kolin da ya fara shimfiɗa waɗannan ƙananan kaya a gefen tirensa ranar kasuwar Wudil, a kan naira ɗari ko biyu kowanne, zai tarar masu saye sun riga shi zuwa.